ZAUREN 'YAN MATA: Saurayina Na Amurka Ya Ce Kotu Za Ta Yafe Masa Bashi

A wannan fitowar na jingine maganar lalle da dilka da na yi niyyar kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata ƙanwata a Zariya, wadda ta roƙe ni don Allah kada in kama sunanta, kuma ba zan kama ba.

Ta ce: "Anti, ina da saurayi a birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka, har an kawo kuɗin gaisuwa. Kwanan nan ya gaya mini bashi ya yi masa katutu, na katin cin bashi da na asibiti, amma wai kada in damu, zai je kotu ya yi shelar karayar arziki a shafe komai, sannan a sa rana. Ƙawata ta ce kurkuku za a kai shi, yayana kuma ya ce ƙarya yake, babu ƙasar da ake yafe bashi. Ni dai ina son sa, amma na kasa barci. Anti, wa zan gaskata?"

Allah Sarki ƙanwata, share hawayenki. Ba a ɗaure mutum a Amurka don ya kasa biyan bashin kati ko na asibiti, saboda haka maganar ƙawarki ajiye ta gefe. Yayanki ma bai canka ba, domin kuwa da gaske akwai dokar da ke sauke wa mutum bashi a can. Inda gizo ke saƙa shi ne maganar shi gogan naki, da ya ɗauki abin kamar shiga kanti ne a sayo sabulu. Kotun ba ta yafe wa duk wanda ya zo ya ce ya karye. Sai ta auna abin da ke shigowa gidansa tukuna, kuma ranar da kika zama matar gidan, ke ma kina cikin awon.

Dokar karayar arziki da suke aiki da ita an yi ta ne a 1978, kuma ga mutum ɗaya-ɗaya ƙofofi biyu aka fi bi, ana kiran su da lambar babinsu a cikin littafin dokar. Babi na 7 shi ne wanda kowa ke so. Kotu za ta naɗa wakili ya duba abin da mutum ya mallaka, a bar masa abin da doka ta ce ba a taɓawa, kamar sutura da kayan ɗaki da 'yar motar zuwa aiki daidai gwargwado, in akwai ragowa a sayar a raba wa masu bin bashi, cikin kamar wata 4 a ba shi takardar sallama, bashin ya mutu. Mafi yawan masu bin wannan ƙofa ma ba a samun abin sayarwa a hannunsu. Babi na 13 kuwa biya ne sannu a hankali, duk wata a yanki wani abu a samunsa a miƙa wa wakilin kotu, shekara 3 zuwa 5, abin da ya saura bayan nan a yafe. Kun ga ai da bambanci tsakanin wata 4 da shekara 5, musamman ga mai shirin kawo amarya.

A da can, kusan duk wanda ya ga dama yana iya zaɓar Babi na 7, sai dai in alƙali da kansa ya ga abin ya yi yawa. Kamfanonin katin bashi da bankuna suka yi ta kai kuka majalisa shekara da shekaru, wai masu hali na cin bashi su ruga kotu. Wata malama mai koyar da shari'a a Jami'ar Habad, Elizabet Waren, wadda daga baya ta zama sanata, ta yi ta musu da su, tana cewa yawancin masu zuwa kotun mutanen kirki ne da rashin lafiya ko rasa aiki ko mutuwar aure ta kayar. Ba a ji tata ba. Shugaba Joj Bush ƙarami ya sa hannu a gyaran dokar ranar 20 ga Afrilu 2005, ya fara aiki ranar 17 ga Oktoba na shekarar. Kafin wannan rana mutane suka yi cincirindo a kotuna don su shige ta tsohuwar ƙofa, har ƙararrakin da aka shigar a 2005 suka haura miliyan 2. Wannan gyara shi ya kawo abin da zan kira awon samu, kuma shi ne zuciyar maganarmu ta yau.

Awon hawa biyu ne. A hawa na farko za a tara duk kuɗin da ya shigo hannun mutum a cikakkun watanni 6 da suka gabaci watan da ya shigar da ƙara: albashi tun kafin a cire haraji, kuɗin ƙarin lokacin aiki, ribar sana'a, kuɗin haya in yana da gidan haya, har da abin da wani ɗan'uwa ke ba shi a kai a kai don hidimar gida. In direban tasi ne, a cire kuɗin mai da gyaran mota, a ɗauki abin da ya rage. Kuɗin fansho na gwamnati da ake ba tsofaffi da naƙasassu ba ya shiga, haka kuɗin raunin tsofaffin sojoji tun 2019. Sai a ninka jimlar biyu ta zama ta shekara, a gwada ta da samun gidan da ke tsakiya a jiharsa.

Me ake nufi da gidan da ke tsakiya? Ku tuna layin asambili, in an jera ku daga gajera zuwa doguwa, akwai wadda za ta faɗo daidai tsakiya, rabi a gabanta rabi a bayanta. To haka hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ke jera gidajen kowace jiha daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, samun na tsakiyar shi ne layin. Kowace jiha da nata, na Misisifi yana ƙasa sosai, na Kalifoniya yana sama, kuma ma'aikatar shari'a tana sabunta alƙaluman lokaci-lokaci a cikin shekara. Bayan haka layin gida mai mutum 1 daban yake da na mai mutum 2 ko 4, yawan baki yana ɗaga shi. Wanda samunsa ya faɗi ƙasa da layi ya haye, Babi na 7 a buɗe yake gare shi. Wanda ya haura sai hawa na biyu.

To a nan ne nake so ki gyara zama, ƙanwata. Bari in ƙirƙiri misali da lambobin da na zaɓa da kaina don lissafin ya yi sauƙi. A ce layin gwauro a jiharsa dala 60,000 ne a shekara, na miji da mata kuma dala 78,000. A ce shi yana samun dala 5,500 a wata, wata 6 ya kama dala 33,000, a shekara dala 66,000. A matsayinsa na gwauro ya haura layi ke nan. In ya yi aure matar ta tare ba ta aikin komai, gida ya zama na mutum 2, samu yana nan dala 66,000, sai ga shi ƙasa da layi. In kuwa matar ta kama aiki tana kawo dala 2,000 a wata, an ƙara dala 24,000, jimla ta koma dala 90,000, sun sake haurawa. Mutum ɗaya, bashi ɗaya, amma hukunci ya juya sau biyu saboda mace. Ko da miji ne kaɗai ya shigar da ƙara, sunan matar bai fito ba, dole ya rubuta albashinta muddin suna zaune tare. Abin da kawai za a cire shi ne kason da take kashewa a kan abin da bai shafi gidan ba, kamar bashinta na kanta ko harajinta.

Mu nan mun saba da cewa abin mace nata ne, kuɗin ƙullinta da na adashinta ba ruwan miji da su, ci da sha da sutura a wuyansa suke. Takardar kotun Amurka ba ta san wannan zance ba, ita gida take kallo a dunƙule. Har ma akwai jihohi 9, cikinsu da Teksas da Kalifoniya, inda doka ke ɗaukar abin da miji da mata suka samu bayan aure a matsayin na tarayya, kuma irin wannan dukiya tana iya shiga hannun wakilin kotu ko da mutum ɗaya ne ya yi shela. Sannan in an ɗaura aure ke kina Zariya shi yana Hustan, shin za a ƙirga ki cikin gidan? Alƙalai sun saɓa a kan yadda ake ƙirga mutanen gida, wasu na duba waɗanda ke kwana a ciki, wasu na duba waɗanda ake ciyarwa, don haka wannan sai lauyan jiharsa.

Hawa na biyu ya fi cin rai. Wanda ya haura layi za a ce masa to, mu ga abin da ke saura maka bayan hidima. Sai dai ba a tambayar sa nawa yake kashewa a abinci da sutura. Hukumar haraji ta IRS tana da jadawalin abin da ta ga ya isa gida mai mutum kaza ya ci, ya sa sutura, ya biya haya da wuta, ya hau mota, wannan za a cire masa ko da ya fi haka kashewa. A ƙara da haraji, da biyan bashin gida ko mota, da kuɗin renon yara, da ciyarwar da kotu ta ɗora masa. Abin da ya rage a wata sai a ninka shi sau 60, wato shekara 5. Bisa alƙaluman da suka fara aiki a Afrilu 2025, in bai kai dala 10,275 ba mutum ya haye, in ya kai dala 17,150 an ɗauka zai iya biya, Babi na 7 ya rufe. In ya faɗo tsakani, sai a duba ko ragowar za ta biya kashi 1 cikin 4 na bashin da ba shi da jingina. Ana gyara waɗannan lambobi duk shekara 3, a 2005 dala 6,000 da 10,000 ne.

Ku raba 17,150 gida 60 ku gani, bai cika dala 286 a wata ba. Tabɗijam! Wato mutumin da ake bi dala dubu hamsin, in lissafin takarda ya nuna yana da rarar dala 290 a wata, an tura shi biyan shekara 5. Kuma ga inda abin ke cizon 'yan'uwanmu da ke can. Ɗan Arewa da ke aiki a Amurka, wa ya san adadin bakin da ke jiran sa a gida? Kuɗin makarantar ƙanne, buhun shinkafar azumi, ragon layya, gudummawar biki da suna, duk jadawalin IRS bai san da su ba. Doka ta yarda a cire abin da mutum ya saba kashewa wajen kula da tsoho ko mara lafiya ko naƙasasshe na jininsa wanda ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, amma sai da shaidar takarda. Ragowar aike-aiken nan, a idon kotu rara ce da ya kamata ta tafi ga masu bin bashi. Ni dai a ganina wannan awo ya fi dacewa da mutumin da ba shi da kowa sai kansa da karensa, amma dokarsu ce, ba su tambaye mu ba.

Akwai 'yan kafofi. Da yake watanni 6 na baya ake dubawa, wanda aka sallama daga aiki jiya awon zai nuna shi mai hali ne, sai ya jira watannin albashin su zube kafin ya je, kuma lauyoyi na ba da wannan shawara a fili. Wanda ciwo mai tsanani ya kama yana iya kawo hujja ya rushe zaton da aka yi masa. Wanda kuma yawancin bashinsa na kasuwanci ne, awon bai hau kansa ba sam. A ɗaya gefen, ko mutum ya haye hawa biyun, alƙali na da ikon ya dubi halin da yake ciki yau ya ce bai yarda ba, misali in ya samu sabon aiki mai tsoka ana gobe zai shigar da ƙara. Babi na 13 shi ma yana da sharaɗinsa na samu, sai mai abin shigowa a kai a kai ake karɓa, na ƙasa da layi shekara 3, na sama da layi shekara 5.

Yanzu maganar "a shafe komai" da ya yi miki. Ba komai ake shafewa ba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata ba sa mutuwa, haka tarar kotu da harajin 'yan shekarun baya-bayan nan, bashin karatun jami'a kuwa sai da wata shari'ar daban mai wuyar ci. Bashin kati da na asibiti, waɗanda ya ambata miki, su kam suna mutuwa. Amma ki lura da lefe. Wanda ya ɗauki katin bashi ya sayo kayan alatu na sama da dala 900 a cikin kwana 90 kafin ya shigar da ƙara, doka na ɗaukar wannan bashin a matsayin wanda ba za a yafe ba. Takardar kotu kuma tana tambayar duk kyautar da ta haura dala 600 da ya yi wa mutum ɗaya a shekara 2 da suka wuce, ke nan sarƙar gwal da wayar da ya aiko miki sai ya rubuta su. In ya biya wani ɗan'uwansa bashi a cikin shekara 1 kafin ƙarar, wakilin kotu na iya neman a dawo da kuɗin a raba da kowa. Fili ko kangon da yake ginawa a Kano ko Zariya shi ma dole ya faɗa, domin dokar ta ce dukiyarsa ko'ina take. Duk wannan a kan rantsuwa ake cikewa, wanda ya ɓoye da gangan yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Nan ne kaɗai kurkukun ƙawarki ke shigowa, ta hanyar ƙarya. Saboda haka in ya ce zai juya fili ko kuɗi zuwa sunanki "kafin ƙura ta lafa", ki ce masa a'a da babbar murya, kin ji ko?

Haka nan sa hannu. Bashin da ya ci kafin aure nasa ne, aure ba ya mayar da shi naki. Amma ranar da kika sa hannu tare da shi a takardar mota ko ta kati, in kotu ta sallame shi, ke ba ta sallame ki ba, kanki masu bashi za su dawo. Kuma tunda shelar Babi na 7 tana zama shekara 10 a tarihin bashin mutum, masu gidan haya da masu ba da rancen mota suna gani, kada ki yi mamaki in bayan tarewa aka ce ai sunanki ne mai tsabta, da shi za a karɓo.

Wata za ta ce, Anti, mu a nan fa? Nijeriya na da dokar karayar arziki tun 1979, a Babbar Kotun Tarayya ake kai ƙarar, mafi ƙarancin bashin da aka rubuta a cikinta naira 2,000 ne, kuɗin da yau ba zai cika tukunyar miya ba, kuma da wuya ki ji wanda aka kai. Tsarin mulkin 1999 dai ya hana wanda aka yi wa wannan shela kuma ba a sallame shi ba tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Malamanmu na fiƙihu kuma suna da babin taflisi, inda alƙali ke hana muflisi taɓa dukiyarsa, ya sayar ya raba wa masu bashi gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa sutura da abin ci, a kuma saurara masa har ya samu. Sai dai a can ragowar bashin ba ta faɗuwa, tana nan a wuyansa. Yadda zai haɗa takardar sallamar kotun Amurka da wannan, shi da malaminsa ne.

Ni ban ce ki rabu da shi ba. Namijin da ya buɗe baki ya gaya miki ana bin sa bashi tun kafin a shafa fatiha ya fi wanda zai rufe ki da turare da hotunan mota. Abin da na ce shi ne maganar ta wuce ta hira a waya da dare, ta zama ta manya. Ki gaya wa Baba ko kawunki da zai karɓi waliccinki, su tambaye shi cikin mutunci: nawa ne bashin, na mene ne, wane babi lauya ya ce zai bi, an auna samunsa ya haye ko kuwa fata yake yi? In Babi na 7 ne, haƙurin wata 4 zuwa 6 ba zai kashe kowa ba, a bari ya karɓi takardar sallama sannan a sa rana. In na 13 ne, ki shiga da saninki cewa shekarun farko na aurenki akwai mai rabon albashi da ke, kuma in kin fara aiki samun gidan ya ƙaru, wakilin kotu na iya neman a ƙara abin da ake yanka.

Shela ma ba kyauta ba ce. Kuɗin kotu na Babi na 7 dala 338 ne, na Babi na 13 dala 313, ana iya ɗauke wa matalauci sosai na Babi na 7, amma lauya sau da yawa sai ya ci sama da dala 1,000. Dole kuma mutum ya zauna darasin shawara kan bashi a cikin kwana 180 kafin ya shigar, ya sake wani darasin kafin a sallame shi, ya kuma bayyana gaban wakilin kotu ya amsa tambayoyi. Wanda aka sallama a Babi na 7 ba zai sake samun irinta ba sai bayan shekara 8. Kuma shari'ar ba a ɓoye take ba, tana cikin rumbun kotunan tarayya na intanet mai suna PACER, duk wani ɗan'uwa da ke can zai iya dubawa da lambar ƙara ya ga ranar da aka shigar, da babin, da ko an sallama. Sai kawunki ya nemi lambar.

Masu aiko da wasiƙa ku ci gaba, amma don Allah a riƙa rubutu a fili, wasu sai na sa tabarau biyu. A fitowa ta gaba za mu koma kan lalle da dilka in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Antinku ta Zauren 'Yan Mata.